Sunan da Ke Kan Kati da Asalin da Ke Bakin Tsofaffi: Nazari Daga Walia

Duk Bahaushen da ya je yin katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwar ɗansa a Njamena, zai tarar da gurabu biyu da aka gada daga Faransawa: na sunan iyali da na sunan yanka. A gurbin farko gizo ke saƙa. Bahaushe yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, wani lokaci har da na sarauta ko sana'a, amma ba al'adarsa ba ce gida ya riƙe suna guda tun kaka da kakanni. Musa ɗan Garba zai haifi Sani Musa, shi kuma ya haifi Audu Sani. Kafin a kai ga tattaɓa-kunne, Garba ya ɓace daga takarda. Mai binciken salsala da ya kama suna na biyu kamar igiyar da za ta kai shi tushe, tun bai yi nisa ba za ta tsinke masa.

Walia wuri ne da ya dace da wannan nazari. Unguwa ce a gunduma ta tara, tsallaken kogin Shari, tsakaninsa da Logon. Ta wannan ɓangare hanya ke bi zuwa gadar Ngeli, ta faɗa Kuseri a Kamaru, ta miƙe Gamborun Ngala da Maiduguri. Tun kafin a yi gada, ta Kuseri mutanen yamma ke ƙetarowa. A Kuseri aka kashe Rabe a 1900, a shekarar kuma Faransawa suka kafa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, garin da ya zama babban zangon alhazai masu tafiya Makka ta ƙasa. Wasu guzuri ya ƙare musu, suka kama fawa ko dukanci ko wanzanci, wasu suka buɗe makarantar allo, aka yi aure aka hayayyafa. John Works ya yi littafi sukutum a kan waɗannan Hausawan Chadi a 1976. Jikokinsu ne yau ke tambayar daga ina kakansu ya taso.

Abu na farko da ya kamata su lura da shi shi ne, gwargwadon nisan mutum da gida, gwargwadon faɗin sunan da ake kiransa da shi. A cikin birnin Katsina sunan unguwa ya wadatar, shi ya sa gidan Musa 'Yar'aduwa ke amsa sunan unguwarsu. Yaran da aka tara a makarantun boko daga larduna daban-daban kuwa, sunan gari aka liƙa musu don a bambanta wannan Abubakar da wancan. Sardauna ya yi karatu yana Ahmadu Rabah, Abubakar Imam yana Abubakar Kagara, Tafawa Ɓalewa da Shagari kuma sunayen garuruwa ne. In aka ƙetare Shari, unguwa ba ta da wani tasiri, sai dai a ce wane Bakano ne, wane Bakatsine. A Sudan, inda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, Fallata ake ce wa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare gaba ɗaya. A Hijaz kuwa sunan ƙabila ne ya zama sunan iyali: Hausawi, Barnawi, Fallata. A tawagar Saudiyya ta gasar kofin duniya ta 2018 akwai Hausawi har uku, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma wannan suna kaɗai bai isa hujjar cewa kakansu ɗaya ba.

Ko sunan garin ma sai an yi hattara da shi. Mutumin da ya taso daga wani ƙauyen Gobir, ya yi shekaru yana fatauci a Kano kafin ya gangaro gabas, Bakano za a kira shi. Sau da yawa sunan zangon ƙarshe yake nunawa, ba mahaifa ba.

Abu na biyu, sunan da ya zauna wa gida ba lallai ne na jini ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a Kano a 1955, ya samo laƙabinsa daga Tata, matar da ta raine shi. Yau zuriya ce babba ke amsa wannan suna, alhali asalin gidan Agalawa ne, fataken goro da suka yi fice a hanyar Gwanja tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Babu inda Agalawa ya fito a katin kowa. Haka laƙabi irin su Tanko da Ɗanjuma da Babangida suke shiga takarda su zauna, wasunsu ma alkunya ce ta haife su, don uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari ko na surukinta.

Abu na uku shi ne hannun hukuma. Muhammadu ɗaya ne, amma magatakarda a Njamena zai rubuta Mahamat, na Maraɗi ya rubuta Mahamadou. Abubakar ya koma Abakar, Adamu ya koma Adoum. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya a Walia ɗaya a Maiduguri, sai takardunsu su raba su. A 1973 Shugaba Tombalbaye ya kawo siyasar komawa ga sunayen gargajiya: ya ajiye François ya ɗauki Ngarta, Fort-Lamy ta zama Njamena, Fort-Archambault kuwa tun 1972 ta zama Sarh. 'Yan kudu masu sunayen Turawa, waɗanda zuriyarsu ke da yawa a Walia, su abin ya fi shafa, don haka mutum guda na iya bayyana da suna biyu, kafin shekarar da bayanta. A gidan mulki ma an ga yadda jerin sunaye ke daskarewa: Deby sunan mahaifin Shugaba Idris ne, Itno na kakansa, wanda ya ƙara a 2006, ga shi ɗansa Mahamat yana ɗauke da su duka.

To ina Bahaushe ya ajiye asalinsa? Da can a fuska yake, domin zanen wanzami na bambanta Bagobiri da Bakabe tun kafin a yi sallama, sai dai zane ya kusa ƙarewa. Yana cikin wasan taubasai: gidan da ke tsokanar Zagezagi yana da jiɓi da Kano, mai wasa da Barebari a duba masa jinin Fulani, mai wasa da Yarbawa a nemi Gobir. Yana cikin sana'ar gado da kirarin da maroƙa ke yi wa gida ranar biki. A gidajen malamai akan sami ranakun haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani ko littattafan da aka gada. Fiye da duka, yana bakin tsofaffin mata, su da suka san wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wa aka yi wa takwara. A unguwar da ambaliyar 2022 ta shiga gidaje, ba a buƙatar a gaya wa kowa cewa takarda ba abin dogaro ba ce ita kaɗai.

Saboda haka tambayoyi uku ake yi wa kowane sunan iyali: wa ya fara amsa shi, a wane gari, kuma wa ya fara rubuta shi. Amsarsu kan nuna lokacin da gidan ya haɗu da makaranta ko ofis ko baƙunta, daga nan sai a koma wa tsofaffi don abin da ya gabaci haka. Yanzu da rajista ta koma kwamfuta, kowa da lambarsa ta ɗan ƙasa, sunan da magidanci ya sa a gurbin farko zai yi wuyar sauyawa, mai yiwuwa ma shi jikoki za su gada. Ya kamata ya zaɓe shi da sani, ya kuma zauna da gwaggo ko inna ya rubuta sauran jerin tun suna da ƙarfin ba da labari.