Baƙo A Gidan Turawa: Babin Da Marubutanmu Ke Tsallakewa

Mai karatu, na san ka sha cin karo da wannan a littafi ko a fim. Alhaji ya kira ɗansa falo, ya ce masa ya shirya zai tafi Ingila karatu. Budurwa ta yi kuka, aka yi waƙa, aka nuno jirgi ya tashi. Sai kawai a rubuto mana cewa bayan shekara biyar. Ga jarumi ya dawo da kwat da tabarau, Hausa na yi masa wuyar fita. Shi ke nan, an gama da ƙasar waje.

To ni tambayata ita ce: ina daren farko? Wa ya tarbe shi? Me aka ba shi ya ci, kuma ya iya ci? Wannan babin da ake tsallakewa, a ganina, ya fi duk sauran littafin daɗi, kuma rashinsa na nuna wata kasala da ta daɗe tana damun adabinmu.

Abin da ya tayar mini da maganar wata 'yar maƙwabta ce a nan Mahuta, kudu da kogin Kaduna. Tana 'yar sakandare ta yi shekara guda a Amurka a gidan wasu Turawa, yanzu har ta yi aure da 'ya'yanta. Ran nan muna hira ta ce mini daren da ta sauka da yunwa ta kwana. Uwar gidan ta tambaye ta ko za ta ci abinci, ita kuwa ta yi irin tarbiyyar gida ta ce ta ƙoshi, tana jiran a sake tambaya, a matsa mata. Baturiya ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ta kwashe kwanuka, ta nuna mata firji ta ce duk lokacin da ta so ta ɗiba. Yarinyar da aka hore ta kada ta buɗe tukunyar mutane, ina za ta iya buɗe firji? Sai ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Da ta so kiran gida kuma, ta lissafa ta ga Kaduna ta riga su da awa shida, tsakar dare ne.

Ka ji fa. Babu mugu a labarin nan, babu kishiya, babu boka. Mutum biyu ne masu son kyautata wa juna, amma kowa da abin da ya sani a matsayin ladabi. Wace marubuciya ce za ta ce wannan bai isa babi ba?

Kuma kada ka ɗauka labarin mutum ɗaya ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar Amurka ta kafa shirin musayar ɗalibai da ake kira YES, wanda sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar, suka tsaya masa. Rukunin farko ya tafi a 2003. Wata ƙungiya mai suna IRIS da ke garin Ames a jihar Ayowa ta riƙa ɗibar yaran sakandare daga jihohin Arewa, har da Kaduna, Musulmi da Kirista, kowa a ajiye shi a gidan wasu iyalai ya yi zangon karatu na shekara. Yi tunanin ɗan Musulmi daga Kawo a Ayowa, jihar da ta fi kowace kiwon alade a Amurka, yana neman yadda zai tambayi abin da ke cikin miya ba tare da ya ɓata wa masu gida rai ba. Ga kare na kwana a kan kujerar falo. Ga dattijon da ya haife shi yana cewa a kira shi da sunansa gatsal, kuma a dube shi cikin ido in ana magana. A 2003 azumi ya kama a ƙarshen Oktoba, ke nan bai gama sanin hanyar makaranta ba zai fara tashi sahur shi kaɗai a gidan da kowa ke barci. Duk wannan kaya yana zube shekara da shekaru, ban ga mun ɗiba ba.

Abin kunyar shi ne an riga an nuna mana hanya tun kafin a haifi kakanninmu. Akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, da aka kama bauta, Baturen Jamus Overweg ya 'yanta shi, sannan ya bi Heinrich Barth har Tambutu. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila tare da abokinsa Abbega, daga baya ya zauna wurin wani ɗan mishan, J. F. Schön. Labarin da ya faɗa da bakinsa aka rubuta, ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. In ka karanta za ka ga yaron bai tsaya yabon gine-gine kawai ba. Ya sa ido a kan teburin cin abinci: yadda ake zama, yadda ake kawo abinci kashi-kashi, yadda maza da mata ke yi da juna. Ya dubi Turawa kamar yadda su ke dubanmu, su ne abin mamakin. Amma a lura, mai masaukinsa ne ke riƙe da alƙalami, kuma baƙo ba ya faɗin komai a gaban mai gida. Abin da Dorugu ya haɗiye, shi ne aikin mai ƙagaggen labari ya tono.

Abubakar Imam ma ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Sai dai shi babban baƙo ne, edita, ana zagayawa da shi. Ba a ba shi ɗaki kusa da na 'ya'yan gida an ce ya wanke kwanonsa ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa kuwa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, mun ga yaro ya girma a gidan Balarabe Abdulkarim, amma zafin rabuwar uwar aka ɗora wa, ita ke yawon nemansa. Ke nan har gobe gurbin nan a buɗe yake.

Na san abin da furodusa zai ce: ina kuɗin zuwa Amurka, ina biza? Gaskiya ne, kasuwar fim ba ta ɗaukar wannan. Amma labarin da nake nufi gida ɗaya yake buƙata, da tebur, da mutum huɗu. Kuɗin da ake kashewa wajen hayar katafaren gida da motocin da ba su ƙara wa labari komai sun isa. Marubutan littafi kuwa ba su da uzuri ko kaɗan, tunda biro ba ya neman biza. Abin da ake gudu shi ne bincike. Ya fi sauƙi a rubuta Landan da ba a taɓa gani ba, da a nemi wanda ya je a zauna a saurare shi. Wasu kuma za su ce masu karatu soyayya suke so. To wa ya hana? Amma soyayyar ma ta fi kama zuciya in mun san mutumin, mun ga ranar da ya ji kunya, mun ga ranar da ya yi kewar tuwon gyatumarsa.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan girma, musamman ga mu mutanen Kaduna. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002, garin nan ya rabe, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu. Yaran da aka haifa bayan nan da yawansu ba su taɓa kwana a ɗaya ɓangaren ba. Maƙwabciyar tawa ta ce a cikin waɗanda suka tafi tare akwai wani yaro daga can tsallake, kuma duk lokacin da aka tara su, su biyun kan koma gefe su yi ta Hausa har a gaji da su. A Kaduna gada ɗaya ce tsakaninsu ba su taɓa haɗuwa ba, sai da suka ƙetare teku. Da ta dawo, ta ce, ta fi jin tsoron zuwa gaishe da mahaifiyarsa fiye da yadda ta ji tsoron gidan Turawa. Ta dai je. Aka kawo mata abinci ta ce ta ƙoshi, tsohuwar ta ce ba ta san wannan ba, sai ta ci.

To ga fim nan, mai karatu, ba sai an je ko'ina ba. A ɗauko yarinya daga Mahuta a ajiye ta mako guda a wani gida a Kawo, ko a ɗauko ɗan Kawo a kawo shi Mahuta, a bar kyamara ta bi su daga sallama zuwa shimfiɗa. Kada a sa wa'azi a bakin kowa, kada a ƙare da taron sulhu. A nuna mana dai wa ya fara miƙa wa wani kwano, da yadda aka karɓa.

Marubutanmu da daraktocinmu, in kun sake tura jarumi waje, don Allah ku bi shi ku ga inda ya kwana. Kai kuma mai karatu, in ka taɓa baƙunta a gidan da ba ka san kowa ba, rubuto mana yadda daren farko ya kasance. Sai mun ji daga gare ka.