Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Sharhi a kan Tarihin Laktaye

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba wata hanya da marubuta tarihin tufafin Turawa suka saba bi idan sun zo maganar laktaye. Yawancinsu sukan fara ne daga ƙasar Sin, inda a 1974 aka tono mutum-mutumin sojoji na yumɓu kusa da kabarin sarkinta na farko, ɗaure da ƙyalle a wuya. Daga nan sai su tsallaka birnin Rum, su nuna sojojin da aka sassaƙa a ginshiƙin Sarki Tarajan na shekara ta 113, su ce ga kakannin laktaye.

A ganinmu wannan hujja ba ta da ƙarfi. Ɗaura ƙyalle a wuya don sanyi ko gumi abu ne da kowace al'umma za ta iya yi ba tare da ta koya daga wata ba. Kafin a ce wani abu ya gaji wani, dole a nuna hanyar da ya biyo, kuma tsakanin ginshiƙin nan da ƙarni na 17 akwai kusan shekara 1,500 da ba a cike ba.

Inda hujja ta tsaya da ƙafarta shi ne wajen kalma. A zamanin Yaƙin Shekara Talatin (1618–1648) sojojin haya na Kuroshiya sun yi wa Faransa aiki, kuma daga sunansu ne Faransanci ya sami kalmarsa ta ɗaurin wuya. Nan harshe da tarihi sun gaskata juna, kamar yadda "laktaye" da "lamba" suke nuna asalinsu na Ingilishi ta hanyar sauya "n" zuwa "l".

Kuskure na biyu shi ne yawan ambaton sarakuna da 'yan gayu, a manta da masu sana'a. Ɗaurin wuya na farko galibi farin lilin ne ko leshi. Siffar da aka sani yanzu kuwa ta kafu ne a shekarun 1920, sa'ad da Jesse Langsdorf na New York ya fito da dabarar yanka yadi a karkace, a haɗa shi gida uku, don kada ya murɗe. Haka kuma masaƙan siliki na Macclesfield a Ingila da Como a Italiya sun cancanci babi guda, ba layi ɗaya ba.

Saboda haka muna jan hankalin ɗalibai masu nazarin tufafi, ko na Turai ko namu: nisan asali ba shi ne ingancin bincike ba. A bi sawun kalma, a bi sawun allura, a tsaya inda sawu ya tsaya.