Jinjina ga masu mayar da alƙaluma zane

Ruwan da ke barin Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana bin magudanai har gonakin shinkafa da tumatir na Bunkure, Garun Malam da Kura. A kowace ƙofar ruwa akwai lissafi: nawa ya shiga, nawa ya rage. Irin wannan lissafin ne injiniyoyin kwamfuta ke mayarwa zanen da ido zai karanta nan take, kuma ba kasafai ake yi musu kirari ba.

Su ne ke girka manhaja irin Grafana, wadda Torkel Ödegaard ya fitar a 2014, a kan uwar kwamfuta, su haɗa ta da rumbun bayanai kamar Prometheus, domin Grafana ba ta tara awo da kanta, nunawa take yi. Sai su canza kalmar sirrin farko, wadda malalaci kan bari yadda ya same ta. Gwanintar tana wajen zaɓe: wane awo zai hau allo, wane adadi zai tayar da ƙararrawa. Gwani ba ya cika allo da tarkace.

Da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da waɗancan magudanai, za ta ɗora irin waɗannan injiniyoyi kan kowane ma'aunin ruwa, da manomin ƙarshen magudana ya rage kwanan jiran ruwa.