Jinjina ga Makaɗan Fage na Sakkwato

Hannun da ya iya kalangu ba ya wuyar samu a Sakkwato. Abin da ke wuya shi ne makaɗin da zai tsaya a fage ya karanci taro kamar yadda manomi ke karantar hadari. Irin waɗannan nake wa jinjina.

Ɗauki Ɗan Anace, makaɗin dambe. Ba zaƙin murya kaɗai ya ɗaukaka shi ba. Ya san lokacin da zai zuga ɗan dambe Shago har jininsa ya tafasa, ya kuma san lokacin da zai jefi abokin karawa da habaici, 'yan kallo su kwashe da dariya. Mai kalangu na matse tsarkiya a hammata, sauti na hawa yana sauka, 'yan amshi na kallon bakin ubangidansu. Da an hango wani attajiri ya shigo, sai waƙa ta karkata wajensa, kiɗa bai karye ba.

A fada ma haka ne. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku (wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988), sarki yake yabo, amma kunnen fadawa da talakawa yake riƙewa.

Gwaninta fa ba banza ba ce. Wanda hannunsa bai nuna ba, ina zai samu sukunin ɗaga kai ya dubi jama'a? Sai dai gwanin da ya bar taro na hamma bai gama aikinsa ba. Matasa masu kunna kiɗan situdiyo a gidan biki suna motsa baki, don Allah ku leƙa fagen dambe ku ga yadda ake yi.