Saƙar matan Tawa: hannu ya ƙware, zanen na aro ne

Duk wanda ya ratsa kasuwar Tawa a watan Disamba, lokacin da hunturu ya sauka a kan duwatsun Adar, zai ga hulunan jarirai da safuna da ƙananan riguna na ulu a shimfiɗe bisa tabarmi. Mafi yawansu aikin mata ne da ke haɗuwa ƙungiya-ƙungiya a unguwanni, kowace da kwarashinta da kibiyoyinta. Aikin yana da tsabta, ɗaurin zaren a jere yake, bakin hula ba ya sakin jiki. Sai dai in an ɗauki hular aka juya ta, babu abin da zai shaida cewa a Adar aka saƙa ta. Ana iya samun irinta a Yamai, ko Kano, ko Abijan. Wannan shi ne babban rashin wannan sana'a, kuma ya kamata a dube shi da idon basira.

Kalmar saƙa a Hausa ta haɗa ayyuka biyu da asalinsu ya bambanta. Saƙa ta farko ita ce ta masaƙa, wadda ke da tsari tun kaka da kakanni: mace ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare da mazari, namiji kuma ya zauna da ƙoshiya yana fitar da ƙyalle siriri da za a harhaɗa a yi gwado ko zane. Masaƙa suna da sarkinsu, kamar yadda maƙera da mahauta da dukawa suke da nasu, kuma kowane zane yana da sunan da aka san shi da shi. Saƙa ta biyu, ta kwarashi da kibiya, baƙuwa ce. Ta shigo ne ta ajin koyon aikin gida a makarantun ƴan mata, da hannun matan mishan, sannan ta bazu ta gidajen koyar da mata sana'a da ake kira foye. Ƙungiyar Matan Nijar, wadda aka kafa a 1975 a zamanin Seyni Kountché, ta taimaka wajen kai irin wannan koyarwa cikin jihohi.

Yanayin Adar shi ya ba sabuwar saƙar gindin zama. Ƙasa ce ta ƴan cin rani: da an gama girbi, maza da yawa sai su nufi Nijeriya, ko Kodebuwa, ko Libiya, su bar mata da ɗawainiyar gida. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara nauyin. A aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita, wanda aka fara a 1984, duniya ta ga yadda matan Adar suka ɗauki dutse a ka suka tare zaizayar ƙasa. Matan da suka iya wannan haɗin kai ba su sha wahalar kafa ƙungiyar sana'a ba. Da tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya iso Tawa, sai masu saƙa suka sami hanyar rancen kuɗin zare su biya bayan ciniki. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta sa kayan waje suka yi tsada, abin da aka yi a gida ya sami masaya.

Ta fuskar tsari, ƙungiyoyin sun cancanci yabo. Akwai shugaba, akwai ma'ajiya, akwai ranar zubi, akwai tarar makara. Wadda ta ƙware tana koya wa sabuwar shiga ba tare da kuɗi ba. Kayan suna da ake kai wa mai jego, hula da safa da riga da mayafi, sun zama hanyar samun kuɗin cefane da na littafin ɗan lakwal. Zaman saƙar kansa dandali ne, inda ake jin labarin wanda ya aiko saƙo daga bakin teku da wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Duk mai raina wannan bai san abin da jaka ɗaya take yi a gidan da maigida ya yi wata shida ba ya nan ba.

Ta fuskar zane kuwa, abin ya tsaya cik. Furannin da ake saƙawa an kwafo su ne daga tsofaffin littattafan zane na Faransa, yau kuma daga hotunan wayar salula. Ruwan hoda ga mace, shuɗi mai haske ga namiji: wannan rabon launi al'adar Turawa ce, babu ita a Adar. Zaren kansa na roba ne da ake sarowa daga waje, alhali kwarin Majiya ya san noman auduga. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wadda ke saƙa abin da masana'anta ke iya fitarwa dubu a yini ta shiga gasar da ba za ta ci ba, domin dilar gwanjo tana zubar da rigunan sanyi a farashin da bai kai kuɗin zarenta ba.

Abin takaicin shi ne taskar zane tana nan kusa. Masu tabarmar kaba na Madawa suna da jeren launukansu. Matan Abzinawa na Abalak da Cin Tabaradan suna ƙawata jakar fata da matashi da layuka da kusurwoyi waɗanda ido ke ganewa daga nesa. A cikin sanannun kurosu na azurfa da maƙeran Abzinawa ke ƙerawa akwai wanda ke ɗauke da sunan Tawa. Ga dagi, ga aska takwas na babbar riga, ga zanen faifai da na ƙwarya. Yawancin waɗannan zane-zane na lissafi ne, ana ƙirga su gida-gida, kuma haka ita ma saƙar kibiya take tafiya, ɗauri bayan ɗauri.

Tarihin sana'ar ma yana goyon bayan haka. Daga cikin tsofaffin kayan saƙar kibiya da aka gano a duniya akwai safunan auduga na ƙasar Masar, masu launin fari da shuɗi, da aka yi wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, ɗauke da zanen da Musulmin wancan zamani suka saba da shi. A arewacin Sikotilan kuma akwai ɗan tsibiri mai suna Fair Isle, wanda mutanensa ba su cika ɗari ba, amma salon saƙarsu ya sa duniya ta san sunansa. Abin da ya ɗaga su shi ne zanen da ba a samu sai a wurinsu.

Laifin bai rataya a wuyan matan kaɗai ba. Mai saƙa tana yin abin da mai saye ya saba tambaya, ba ta da rarar zaren gwaji. Tun daga bikin FIMA da Alphadi ya buɗe a Tigidit a 1998, da baje kolin sana'o'in mata na SAFEM da aka fara a Yamai a 2000, aikin hannun Nijar ya sami dandali, amma fata da azurfa ne suka fi ɗaukar ido, saƙar ulu ana kallonta kamar abin rage lokaci. Ƙungiyoyin al'adu suna ba da ƙarfinsu ga waƙa da kokawa da wasan kwaikwayo, ba safai suke leƙa zauren masu saƙa ba.

Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyi bai fi ƙarfinsu ba. Ɗalibai za su iya zama da tsofaffin masaƙa da masu tabarma su rubuta sunayen zane da ma'anarsu cikin Hausa da Tamashek, kafin masu sanin su ƙare. Malamin lissafi zai iya mayar da zanen a takarda mai gidaje, yadda mai kibiya za ta bi shi. Ƙungiyar al'adu kuma ta sayi zaren gwajin farko, ta ware kyauta ga hular da ta fi kama da Adar a bukukuwanta na shekara. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin da suka san sunayen zanen suna nan a Madawa da Buza da Illela, ana iya samunsu a ranar kasuwa.