Gyara da Asali: Nazari a kan Faifan *Coming to Terms*

A shekarar 2008 ne kamfanin Atlantic ya fitar da *Coming to Terms*, faifan farko na ƙungiyar Carolina Liar. Zabiyin ƙungiyar, Chad Wolf, mutumin Charleston ne a Jihar Karolina ta Kudu a Amurka, amma akasarin makaɗansa a wancan lokaci mutanen Suwidin ne. Haka kuma waɗanda suka tsara sautin faifan, wato Max Martin da Tobias Karlsson, 'yan Suwidin ne. Wannan gamayya ita ce tushen ƙarfin faifan, ita ce kuma tushen rauninsa.

Babban jigon waƙoƙin shi ne nadama da neman mafita. Mawaƙin na magana ne da bakin mutumin da ya yi kuskure, ya rabu da masoyiya, ya rasa inda zai sa kansa. Wannan jigo ya fi fitowa fili a waƙar "Show Me What I'm Looking For", wadda aka gina kamar addu'a: ta fara a hankali, sa'an nan muryoyin 'yan amshi su taso su rufa wa zabiyin baya, tamkar yadda ake rera waƙar coci a kudancin Amurka. A nan zubi da ma'ana sun dace da juna, mai sauraro kuwa ba ya shakkar cewa kukan na gaske ne.

Sai dai ba ko'ina aka yi wannan dace ba. Max Martin ya yi suna ne wajen tsara wa Britney Spears da Backstreet Boys waƙoƙi a ƙarshen shekarun 1990, kuma hannunsa bai ɓoyu ba a nan. Ɗango gajere ne, amshi na zuwa da wuri, ana maimaita shi har ya zauna a ka. Waƙar "I'm Not Over" misali ce: tana da daɗin ji, amma an goge ta har ba sauran kaushi. Alhali irin wannan kiɗa na rok, wanda ya bunƙasa a shekarun 1980 a bayan idon manyan kamfanoni, da kaushin nan ne aka san shi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, ƙungiyar ta ɗauki sunan Karolina, amma ƙamshin ƙasar kaɗan ne a faifan. Turancin waƙoƙin na kowa da kowa ne, irin wanda mawaƙan Suwidin suka saba sayar wa duniya tun zamanin ABBA. Da wuya a ji wata kalma ko wani hoto da zai nuna garin da mai maganar ya fito.

Hausawa kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Faifan ya sami kasuwa mai faɗi, amma inda ya fi taɓa zuciya shi ne wurin da aka bar muryar mutumin Charleston ta yi rawa ba tare da an gyara ta ba.