George Pal, Daga Sassaƙen Katako Zuwa Kumbon Wata

Masu zanen katun na Disney takarda da alƙalami suka riƙe. George Pal kuwa katako ya riƙe. An haife shi a 1908 a Cegléd ta ƙasar Hungary, ya yi karatun zanen gine-gine a Budapest, sannan ya kama aikin katun a kamfanin UFA na Berlin. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933 sai ya tattara nasa ya nasa, ya yada zango a Eindhoven ta Holan, yana yi wa Philips fina-finan tallar rediyo. A nan dabararsa ta nuna.

Yawancin masu fim da 'yan tsana kan lanƙwasa hannu ko ƙafar 'yar tsana guda kaɗan-kaɗan, suna ɗaukar hoto bayan kowane motsi. Pal sassaƙa kowane motsi yake yi daban. In ana son murmushi, sai a sassaƙa kawuna jeri guda, bakin kowanne ya ɗara na baya buɗewa, a riƙa cire wannan ana ɗora wancan. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 take ci, don haka ɗan gajeren fim kan laƙume sassaƙe dubbai. Ribar ita ce katako ya riƙa miƙewa yana tsukewa kamar zane, alhali yana da jiki da inuwa. Tsadar kuwa, dole a gama lissafin komai a takarda kafin a kunna kyamara. Aikin mai zanen gini ke nan.

Bayan ya koma Amurka, Paramount ta fitar da jerin gajerun fina-finansa na 'yan tsana mai suna Puppetoons har zuwa 1947. Fitacce a ciki shi ne Tulips Shall Grow na 1942, inda rundunar sojojin ƙarfe ke tattake ƙasar Holan har ruwan sama ya sa su tsatsa. Akwai kuma tabo: jerin Jasper, wanda ya maida baƙaƙen fatar Amurka abin dariya. John Henry and the Inky-Poo na 1946 ya mutunta su, amma fim guda bai isa ya wanke wancan ba.

Da tsada ta kashe gajerun fina-finan, Pal ya juya ga fim ɗin ƙagen kimiyya da wannan hali nasa na lissafi. A Destination Moon na 1950 ya jawo marubuci Robert Heinlein da mai zane Chesley Bonestell domin tafiya zuwa wata ta yi kama da abin da injiniya zai yarda da shi, shekara 19 kafin kumbon Apollo 11 ya kai mutane wata. When Worlds Collide da The War of the Worlds suka biyo baya a 1951 da 1953, dukansu uku suka ci Oscar ta siddabarun hoto. Jiragen 'yan duniyar Mars na fim ɗin 1953 ƙananan ƙirar tagulla ne da aka rataye da wayoyi.

A ganina, a nan ƙarfinsa da rauninsa suka haɗu. Na'urorinsa suna da rai, mutanensa kuwa sau da yawa a sandare suke, da wuya mai kallo ya tuna sunan jarumi. The Time Machine na 1960, wanda ya ba da umarni da kansa, ya fi sauran samun daidaito, domin Rod Taylor ya iya ɗaukar labarin. Duk da haka abin da ke nuna shuɗewar shekaru a ciki mutum-mutumi ne a tagar shagon tufafi, ana sauya masa sutura hoto bayan hoto, wato dai tsohuwar dabarar Eindhoven.